Ka Daina Tambayar Goggo Jikin Baba

Zuwa ga yayana, Hamma, a Jos.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan saƙon nan zai same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Maryam da yara. Ina gaishe ka da aiki. Ina kuma gaishe ka da sanyi, tunda kun ce ku kaɗai Allah Ya ba shi a ƙasar nan.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka, na zo na baje zancen gida a shafina kowa yana karantawa. Na kira ai. Ka ce kana mitin, za ka neme ni. Na yi maka saƙon murya, har yau alama ba ta nuna ka saurara ba. Amma hoton gasasshen kifin da abokinka ya saka, tun kifin bai huce ba ka yi masa sharhi. To, tunda nan ne wurin zamanka, nan na biyo ka. Waɗanda suka san mu su yi mini haƙuri, waɗanda ba su san mu ba su karanta su wuce.

Bari in fara da sanyin da ka yi wa dariya.

Ran da na ce maka bana ana sanyi a Jalingo, ka kwashe da dariya har da tari. Ka ce mutanen da suke kwana a tsakar gida da mafici a hannu me suka sani, mu zo Jos mu ga sanyi. Na ƙyale ka don kai babba ne. Yanzu sai ka saurara. Man ja ya daskare a kwalba, sai na jingina ta kusa da murhu kafin in samu na miya. Ruwan randa in ka tsoma hannu da asuba, har cikin haƙoranka za ka ji shi. Fankar ɗakin Baba, wadda ba ta san hutu ba sai an ɗauke wuta, na lulluɓe ta da tsohon zani na tura ta bayan ƙofa. Tsofaffin unguwarmu ta Turaki da suke zama a ƙofar masallaci sun ce ba su tuna shekarar da aka yi irinsa ba.

A kasuwa 'yan gwanjo ne suke sharafi. Rigar sanyin da a da ko kyauta aka ba mutum sai ya tambaya me zai yi da ita, yanzu mata har fisgewa suke a hannun juna. Masu keke sun zura safar ƙafa a hannu suna tuƙi. Matar nan ta bakin layi mai ƙanƙara da zoɓo ta kashe firij ta koma dama kunun gyaɗa. Gawayi kuwa sai ka san wani kafin ka samu.

Na dawo gidan Baba da yara tun farkon abin. Maigidana Malam Bello ya amince, shi yake zuwa ya ci tuwo ya koma. Leɓen Amina ya tsage har yana jini, kullum da safe sai mun yi kokawa kafin ta yi wanka. Sadiku yana tafiya makaranta da riguna biyu ƙarƙashin yunifom, ya zama kamar buhun masara. 'Yan tsakin da kaza ta ƙyanƙyashe sun mutu, saura guda. Akuyar da Inna ta bari ta haihu, a kicin take kwana ita da 'ya'yanta, duk wurin ya ɗauki warinsu. Matar Sale, ɗan ƙanen Baba, ta sauka a Iware, an samu namiji, an yi suna lafiya. Goggo ta je ta dawo da mura, tana cewa bana mai jego ce kaɗai take morewa, don ita ce mai ruwan zafi safe da yamma. Ka ga na ba ka labarin gida, kada gobe ka ce ba a gaya maka komai.

Saura wanda ya zaunar da ni rubutu.

Baba ba shi da lafiya, Hamma. Na san ka ji, amma ba ka ji yadda abin yake ba, kuma ina zargin ba ka so ka ji ba.

Ka san halinsa, ba ya tashin kowa. Da sanyin ya fara, haka ya ci gaba da alwala da ruwan randa da asuba, ya zura 'yar jallabiyarsa ya fita masallaci. Na riƙa ajiye masa fulas na ruwan zafi a bakin ƙofa, in na tashi in same shi yadda na ajiye, ya ce a bar wa yara su sha shayi. Mura ta zo, ta koma tari, tarin ya sauka ƙirji. Muka kai shi asibiti, likita ya ce sanyi ya kama huhunsa, aka ba shi gado. Bai daɗe ba ya kafe sai an mai da shi ɗakinsa, kuma ka san in ya kafe babu mai tanƙwara shi.

Yanzu a zaune yake salla. Ƙafafunsa sun kumbura, takalminsa ba ya shiga. In na dama kunu, 'yan cokula yake sha ya kau da kai. Numfashinsa kuwa ina wanke-wanke a tsakar gida ina jin sa. Mutumin da yake tuƙa keke har gonarsa ta hanyar Iware ya dawo ya ce bai gaji ba, ran nan da muka ɗaga shi ni da Malam Bello, wallahi bai fi Sadiku nauyi ba.

Kai kuma in ka tashi kira, Goggo kake kira. Ƙanwar Baba ce, ta baro Lau ta zo jinyar yayanta, ba ni da abin cewa a kanta sai godiya. Amma ina zaune ina jin ku. Ka ce yaya jikin Baba, ta ce da sauƙi. Ka ce alhamdu lillahi, Allah Ya ƙara sauƙi, a gaishe shi. Ka kashe waya, ka koma harkarka da zuciya wasai. Ni kuma in tashi in je in zubar da kwanon da ya yi kaki a ciki.

Haba Hamma. A ƙasar nan aka haife ka. Tun da kake, ka taɓa jin an tambayi jikin mara lafiya an ce babu sauƙi? Ka tuna ranar da Inna ta rasu. Da safe mata suka shigo dubiya, suka ce yaya jiki, ita da bakinta ta ce da sauƙi. Kafin la'asar muna ɗora ruwan wankanta. Kana wurin, a bakin ƙofa kake tsaye. Kalmar nan ladabi ce da godiya ga Allah, haka aka koya mana mu amsa ko da rai yana bakin fita. Wanda yake son sanin gaskiya yakan ƙara tambaya. Ya ci abinci? Ya fita masallaci? Yana samun barci? Kai ko sau ɗaya ba ka ƙara ba, na lura. Na kuma san abin da ya sa kake tsallake lambata ka kira ta Goggo. Ka san ni zan faɗa maka.

Ka tuna Mama Rifkatu, maƙwabciyarmu 'yar Mumuye, wadda kuke tsokana kuna yara don kowane namiji mace ne a Hausarta? Ita ce take shigowa kullum da safe, wata rana da kunu, wata rana da doyar gonarsu. Ita ba a koya mata wannan amsar tamu ba, abin da idonta ya gani shi take faɗa. Ta leƙa ɗakin ta fito ta ce, “Baba ba ta da kyau yau. Ina babban yaro?” Na ce yana Jos, aiki ne ya riƙe shi. Ta dube ni ta tambaya ko Jos ɗin an ƙara mata nisa ne. Na sunkuya ina gyara itace a murhu.

Rigar sanyin da ka aiko da direba ta iso, an gode. Mai kyau ce, kowa ya yaba. Sai dai ta yi wa ƙirjinsa nauyi, a ƙafa muke ɗora masa ita. Kuma riga ba ta kai mutum bayan gida, Hamma. Zan faɗi wannan ko da Goggo za ta yi fushi da ni. Baba ba ya iya tashi shi kaɗai. Ni 'yarsa ce mace, ba zai taɓa bari in kama shi in kai shi ba. Haka yake matsewa tun safe har Malam Bello ya taso daga aiki. Malam Bello kuwa surukinsa ne. Ka san me ake nufi da dattijo irin Baba ya tuɓe gaban mijin 'yarsa? In sun fito, bango yake juya wa fuska, ba ya sake magana sai magariba. Malam Bello bai taɓa ƙorafi ba, Allah Ya saka masa. Amma wannan aikin na ɗa ne, kuma Baba yana da ɗa.

Na san abin da za ka ce, don ka taɓa faɗa mini a tasha bayan zaman makokin Inna, kana riƙe da ƙofar mota. Ka ce Baba bai taɓa buƙatarka ba. Ka ce ka zauna duk kwanakin nan a gidan, banda gaisuwa babu abin da ya haɗa ku, alhali yana hira da Sale, ɗan ƙanensa, har da dariya. Ka ce in ka kira shi a waya, daga lafiya lau sai ya miƙa wa wanda yake kusa. Ka ce tun daga yaye aka kai ka Lau wajen kaka, ka tashi kana ganinsa kamar baƙon da yake zuwa da tsaraba. Ƙarshe ka ce, “In yana son ganina, ai yana da baki.”

Ranar ban ba ka amsa ba, kuka ya hana ni. Ga amsar yau.

Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinsa aka sa maka. Ka san mutanenmu. Namiji irin Baba ya gwammace a yanke masa harshe da a ji shi yana cigiyar ɗan farinsa a gaban jama'a. Ba na kare al'adar nan, ni ma haushinta nake ji. Da gangan nake rungume Amina, 'yar farina, a gaban Goggo, tana kau da kai tana salati. Na kuma san al'adar ta cuce ka. Yaro bai san wata kunya ba, abin da ya sani kawai ubansa yana ɗaukar 'ya'yan wasu, shi ba ya ɗaukarsa. Ban raina wannan ciwon ba. Amma yanzu furfura ta fito maka a gemu, ka yi karatu, kana da naka ɗan farin. Ba za ka ce mini har yau ba ka gane ba. Ka gane sarai, fushin ne ya yi maka daɗin riƙo.

Ni da nake gidan, bari in gaya maka abin da nake gani. Ba ya kwana biyu bai dubi bango ya ce ko an ji daga mutumin Jos ba. Da kana Lau, Inna ta ce mutumin Lau yake cewa. Ran da sanyin nan ya fara tsanani, yana rawar ɗari a kan tabarma, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne in Jalingo ta yi haka, yaya masu ƙananan yara a kan dutse za su yi. Zuma da man shanun da direba ya kawo muku kwanakin baya, ka kira Goggo kana ta zuba mata godiya. Ba ita ta aiko ba. Shi ya tura ni kasuwa, shi ya ce a ɗaure bakin galan da kyau kada ya zube, shi ya ce in ce daga Goggo ne. Yana kwance yana jin godiyar taka ta waya. Ya hana ni faɗa, ga shi na faɗa, in na yi laifi zan ba shi haƙuri.

Ni kaina ban huce da shi ba, kada ka ɗauka kai kaɗai nake jin haushi. Na durƙusa a gabansa na ce Baba, ka ce ya zo mana, kalma ɗaya ce. Ya ce in bar mutane su yi aikinsu. Ku biyun nan kun ishe ni. Taurin kai iri ɗaya, shiru iri ɗaya, ni ce a tsakiya ina hura wuta hayaƙi yana cika mini ido. Amma shi tsoho ne kuma a kwance yake, kai ne mai ƙafa.

Yanzu ka ji abin da ya faru shekaranjiya.

Da hantsi muka fito da shi ya sha rana a jikin bangon zaure, inda iska ba ta bugowa. Na naɗe shi da barguna. Goggo tana gefe tana tsinke zogale, ni ina shanya kayan makarantar yara. Sai wata mota ta tsaya a ƙofar gida, aka buɗe, aka rufe. Baba ya ɗago kai, ya dubi hanyar zaure, ya ce:

“Usmanu ne?”

Da farko ban ma gane wa yake nufi ba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan naka a bakinsa ba, ko a waya, ko a addu'a, ko cikin faɗa. Hannun Goggo ya tsaya cak a cikin faranti. Na ce a'a Baba, baƙin maƙwabta ne. Ya ce to. Ya mai da kansa ya jingina, ya lumshe ido. Bai duba ko wani ya ji ba, bai gyara murya ya sauya zance ba kamar yadda ya saba in ya yi suɓutar baki. Wannan ne ya tsorata ni, fiye da tarin, fiye da kumburin.

Jiya bayan azahar na zaga bayan ɗaki in kwashe shanya, sai na ga farin yadi a kan igiya, tsakanin rigar sanyin Amina da zanen gadon Baba. Na tsaya na ƙura masa ido kafin na gane. Likkafanin da ya zo da shi daga Makka ne, wanda yake ƙasan akwatinsa tun muna yara. Goggo ce ta ciro shi, ta kakkaɓe, ta shanya a inda ba zai hango ba.

Na yi mata tsawa, Hamma, abin da ban taɓa yi ba. Na ce wa ya sa ta, mutum yana numfashi ana shanya masa wannan. Ba ta yi fushi ba. Ta ce dubawa kawai ta yi, ko asu ya taɓa shi. Da ta ga ban daina ba, ta kama hannuna ta ce, “Rabi, ni na san yayana. Tunda ya ajiye kunya, kaya yake ragewa.” Ita ta sauke shi da la'asar, ta ninke, ta mayar. Amma a sama ta ajiye shi, ba ta mai da shi ƙasan akwatin ba.

Ban sani ba ko tana da gaskiya. Rai a hannun Allah yake, mai yiwuwa sanyin ya wuce Baba ya miƙe, ka zo ka ce na ɗaga maka hankali a banza. Wallahi na fi son haka. Ka zo ka yi mini faɗa a tsakar gidan nan, zan durƙusa in saurara har ka gama.

Ka tuna in ka zo hutu daga Lau, kai kake goya ni a wuya mu tsallaka Mayo Gwoi lokacin da ruwa ya janye, ina riƙe da kunnuwanka kana cewa in sassauta. Duk unguwa babu yaron da ya isa ya taɓa ni, don an san ina da Hamma. Har yau in abu ya fi ƙarfina kai nake fara tunawa, shi ya sa fushin nawa ya yi yawa. Na gaji, yayana. Ina tsoro, kuma ba ni da wanda zan gaya wa a gidan nan.

Ba zan yi maka alkawarin zai rungume ka ba. Na fi zaton in ka shigo zai dubi bango ya tambaye ka hanya, ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Ka haƙura da hakan. Ka zauna kusa da shi, ka kama shi in zai tashi, ka zuba masa ruwan alwala mai ɗumi. Yini ɗaya ne tsakaninmu a mota. Kada ka kira ka tambayi komai, kada ka aiko da kowa. Ka taho da bargonka, namu duk suna kansa.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa wannan ciwo ya zama kaffara. Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta. Allah Ya sassauta zuciyarka da tawa, Ya kawo ka lafiya, Ya sa ka same shi idonsa biyu. Amin.

Ƙanwarka da take fushi da kai, kuma take sauraron tsayawar mota,

Rabi
Turaki, Jalingo